Ranar da Baba Ya Sa Jar Riga

Har yau ba na son warin kafur. Kwanan baya jikata ta sayo shi don ta zuba cikin kayan sallarta. Tana kwance ƙullin na tashi na fita tsakar gida. Ta ɗauka hawan jini ne. Ba shi ba ne. Warin akwatin baƙonmu ne, kuma in kun ba ni hankalinku zan gaya muku yadda aka yi.

Gidanmu a Didaouré yake, cikin Sokodé, zamanin mulkin Faransi. Baba mai masauki ne. Fatake masu goro da masu gishiri a wurinsa suke sauka, su bar kaya a ɗakin ajiya wata da watanni, su dawo su tarar ko igiyar ɗaurin ba a taɓa ba. Da wannan aka san shi. Dogon mutum ne, ba ya ɗaga murya, ban taɓa ganin haƙoransa a zaure ba. Ni ce 'yar fari, saboda haka ba ya kiran sunana, ba ya kallona ido da ido. In yana son ruwa sai ya ce wa bango, "A kawo ruwa."

Wata damina, ina 'yar shekara tara ko goma, wani baƙo ya sauka daga Kumasi, ƙasar Ingilishi. Ba goro ya kawo ba, akwatin ƙarfe ya kawo da garmaho mai kaɗa faifai. Ya yi aiki a gidan shaƙatawar Turawan Ingila, inda ya ce sukan kafa dandamali su rataya labule, manyan ma'aikata da matansu su hau su yi wasa irin na garinsu. A yi magana kaɗan, sai a ɓarke da waƙa, sai rawa, sai a koma magana. Labarin kusan kullum ɗaya ne: yarinya mai tsaron kanti, saurayi ɗan manya, da wani tsohon soja wawa wanda shi ma yake sonta, a ƙarshe a yi aure kowa ya tafa. Shi ke jan labulen, har ya haddace komai. Da Baturen da yake wa aiki zai koma gida ya bar masa akwatin kayan wasan.

In ruwa ya hana fita, sai ya buɗe shi a rumfar bayan gida. Warin kafur ya fara fitowa, sannan huluna masu gashin tsuntsu, da gashin baki na roba, da takobin katako, da wata jar riga ta soja mai maɓallan zinariya. Yakan cusa matashin kai a cikin rigar ya zama tsohon sojan, ni kuma yarinyar kanti. Ina rera waƙar yadda na ji ta a faifai, ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba, shi kuma yana bina yana murza gashin baki. Idan ya zo rusunawa sai takobin ya shiga tsakanin ƙafafunsa ya kife. Mu yara har kwanciya muke yi don dariya. Baba yakan wuce ta bakin rumfar zuwa ɗakin ajiya, bai taɓa tsayawa ba. Sau ɗaya na ji ya ce wa Inna, "Babba da shi, da gemunsa."

Da kaka ta yi baƙon ya koma ɗauko iyalinsa. Ya bar akwatin da faya-fayen a hannun Baba. Bai daɗe da tafiya ba yaƙin Turawa ya juya, Faransi da Ingilishi suka ɓata, aka rufe iyaka.

Ban iya gaya muku ranar da tsoro ya shigo unguwarmu ba, domin a hankali ya shigo. Fatake suka daina zuwa. Mutane suka rage murya a masallaci. Masu gadin kumandan Faransi, da jajayen hulunansu, suka fara shiga gida gida suna neman duk abin da ya fito daga wancan gefen. Wani tela maƙwabcinmu, gwangwanin shayi mai hoton sarkin Ingila aka samu a shagonsa, yana zuba allurai. Aka tafi da shi aikin hanya. Da ya dawo ba ya iya riƙe almakashi.

Inna ta ce a ƙone akwatin. Kaka, mahaifiyar Baba, ta ce a jefa shi rijiya. Baba ya saurare su duka ya ce, "Ba nawa ba ne." Shawarar da ya yanke ita ce ya kai shi arewa, wajen Dapaong, inda 'yar kawunsa take aure, a ɓoye shi cikin rumbun gero a ƙauye. Dalilin tafiyar da za a gaya wa mutane kuwa ni ce, za a kai ni riƙo.

Da bazara muka tashi, da jakuna biyu da buhunan gishiri, akwatin yana ƙarƙashi. Abin da na fi tunawa a hanyar shi ne zafi. Rana tana dukan ƙarfen, kafur yana narkewa, warin yana fitowa ta cikin buhu. Duk wanda muka gamu da shi sai in ga kamar hancinsa yake ɗagawa. Muka haye kogi a Mango ba a tsayar da mu ba. Muka wuce Tandjouaré, gonaki duk a bushe suna jiran ruwa. Har na fara cin abinci da daɗi.

Ranar kasuwa muka shiga Dapaong, wanda a lokacin ƙaramin gari ne. A bakin kasuwar wani mai gadi ya soka sanda cikin buhu, sandar ta bugi ƙarfe. Ya kifar da akwatin ƙasa. Na ji faya-fayen sun farfashe, sai ga jar rigar a shimfiɗe cikin rana, maɓallanta suna walƙiya.

Aka kai mu gaban Baturen da ke riƙe da garin, a ƙarƙashin wata bishiya kusa da ofishinsa. Rabin kasuwa ta biyo mu. Siririn mutum ne mai jan wuya, yana ta share gumi. Ya ɗaga rigar da bakin bulalarsa ya yi magana, tafinta ya juya da Hausa.

"Ya ce wannan rigar hafsan Ingilishi ce. Ya ce wa za ka kai wa?"

"Kayan wasa ne," in ji Baba. "Ajiya aka ba ni."

Tafinta, wani dattijo Bamobe, wato ɗan ƙabilar yankin, mai Hausar kasuwa, ya rage murya. "Malam, wanda aka kama da kayan sojan abokan gaba, da sarƙa ake kai shi Mango. Ban ga wanda ya dawo ba."

Baturen ya sake magana, wannan karon yana murmushin da ba na alheri ba. Ya ce ya taɓa ganin irin wasan a ƙasarsu, ya san abin dariya ne. In wasa ne, a yi shi yanzu. In mutane sun yi dariya, wasa ne.

Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke, ya ajiye rawaninsa a kai. Ya cusa buhu a cikinsa, ya sa jar rigar, ya manna gashin bakin, ya rataya takobin. Ya juyo ya dube ni, cikin idona, abin da bai taɓa yi ba.

"Ke. Ɗauko waƙar."

Na buɗe baki. Abin da ya fara fita kamar kukan ɗan akuya ne. Na sake ɗaukowa. Sai Baba ya taka. Ya jefa ƙafa yadda baƙon yake jefawa, ya murza gashin baki daidai inda ake murzawa, ya biyo ni yana kaɗa ciki. Ashe duk wucewar da yake yi ta bakin rumfa yana gani.

Ba wanda ya yi dariya. Ku da kuka tashi yanzu sai na bayyana muku dalili. Mutanen zangon Dapaong sun san ko wane ne shi, da yawansu sun kwana a gidansa. Ba a yi wa irinsa dariya. Maza suka sunkuyar da kai, mata suka ja mayafi suka rufe fuska, Mobawa da suka ga haka su ma suka yi tsit. Girmama shi suke yi, kuma girmamawar ce za ta kai shi Mango. Ina waƙa ina ganin Baturen yana buga bulala a takalminsa, ina ganin mai gadi ya fara warware igiya. Baba ya rusuna, takobin ya harɗe shi, ya faɗi da dukan tsawonsa. Babu abin da aka ji sai ƙarar faɗuwar.

Sai wata murya ta tsaga taron.

"Wayyo ni! Wa ya ɗaura wa bawana ciki? Kai, wata nawa ne?"

'Yar kawunsa ce, ta baro kaskon ƙosanta, da matsami a hannu. Taubashiyarsa ce. A duk faɗin garin ita kaɗai al'ada ta ba damar ta yi masa ba'a a gaban jama'a.

"Tashi, malalaci! Haka uwarka ta koya maka neman aure? Ko jakinka ya fi ka iya taku!"

Ta yi shewa, ta riƙe ƙugu tana ƙyaƙyatawa. Ina kusa da ita, na ga idonta yana kan igiyar mai gadi. Baba ya ɗago daga ƙasa, gashin bakin ya koma gefen kunci, ya ce, "Ke dai ƙosanki ne ya jawo mini." Wata tsohuwa ta fashe. Sai mahauta. Sai kasuwa gaba ɗaya ta ɗauka, har mai gadin da ke riƙe da igiya. Baturen bai yi dariya ba. Ya dube mu kamar ya gaji, ya kaɗa hannu ya shige ofis.

Baba ya tuɓe rigar ya kaɗe ta, ya ninke. Ya tsince gutsattsarin faya-fayen duka ya mayar cikin akwati. Sannan ya naɗa rawaninsa.

Baƙon bai dawo ba. Bayan an buɗe iyaka Baba ya yi ta aika cigiya Kumasi, ba labari. Bai ƙara kallona cikin ido ba, bai kuma taɓa tada zancen ba. Taubashiyar tasa, wadda ta riƙe ni har na yi aure, ta ci gaba da tsokanarsa a kan rowa, da tsawo, da furfura, har ya rasu. A kan wannan ranar kaɗai ba ta taɓa buɗe baki ba.

Yanzu Dapaong ta cika da babura, bishiyar ma an sare ta. Jikokina suna kallon irin wasannin nan a talabijin, ana waƙa ana faɗuwa, su yi ta dariya ba sa neman izinin kowa. Ni in mutum ya faɗi a cikin wasa sai in ji numfashina ya tsaya, ina jiran wanda zai fara. Akwatin yana ƙarƙashin gadona. Jikata ta ce in ba su rigar su yi wasan makaranta da ita. Na ce mata ba tawa ba ce.