Hannun da Bahago Yake Farawa da Shi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ƙanena, wanda kowa ya sani da Bahago mai ganga. Ina ɗaure takalmi aka faɗa mini. Na ce to, na ƙarasa ɗaure ɗayan. Har yau ban yi kuka ba, ban kuma san inda kukan ya maƙale ba. Ni ban yi makaranta ba. Ina faɗa ne jikata tana rubutawa, na kuma hana ta gyara mini magana.

Bahago, ni na fara zaunar da kai a gaban jerin gangunan nan na zamani. Ni na koya maka ciko, wato zagayen nan da ake yi daga ƙaramar ganga zuwa babba idan mawaƙi ya tsaya jan numfashi. Na ce da dama ake farawa, tunda gangunan daga hagu suka jeru zuwa dama: bugu takwas, hannun hagu ya rufe, na dama ya sauka kan farantin tagullar da ake bugawa tare da su daidai dawowar mawaƙi. Kai kuwa hagunka ke riga ka. Hannuwa su sarƙe, sanda ta faɗi, ni kuma in kwaɗa maka tawa a bayan hannu. Tabon yana nan har ranar da muka yi maka wanka. Na gani.

Ba ka taɓa yi mini musu ba. Sai na fita, ka juya gangunan gaba ɗaya, ƙarama a dama, babba a hagu, ka yi abinka, ka mayar da su kafin in dawo. Ka zaci ban sani ba. Ƙafafunsu sun bar shaida iri biyu a kan darduma. Shekara arba'in ina taka shaidar nan, ina faɗa a gaban mutane cewa ciko da dama ake farawa, kai kana murmushi kana cewa ai Yaya ya fi mu sani.

Shekarar da kafaɗata ta riƙe, wata bakwai ka yi a kujerata, da jerina, da hannun da ba naka ba, don kada mai ƙungiyar kiɗanmu ya ga an sauya wani abu ya ce tsoho ya gama. Kai ke hawa mini da babbar ganga a matakalar ɗakin taro, kana tsokanata wai ta fi ni nauyi amma na fi ta ƙara.

'Yarka tela, wadda ta gado hagunka, wata uku ke nan tana koyo a wurinka in ta rufe shago. Ciko ɗaya kuka fara, ba ku gama ba. Jiya ta kai ni ɗakinka. Gangunan na nan a juye yadda ka bar su, tabaraunka a kan ƙaramar. Ta ce makaɗa biyu ta tambaya, duk sun ce ta mayar da su daidai ta koya da dama kamar kowa. In ni ma na ce haka, za ta juya su a wuce wurin. Ba wanda ya rage da ya san yadda kake naka sai ni, da na yi shekaru ina saurare ta bayan ƙofa.

"Baffa, da wanne zan fara?"

Hannuna ya kai kan ƙaramar gangar zai ɗauke ta, don sabo. Tabarau ɗin kawai na ɗauke, na sa a aljihu.

"Da hagu. Kada ki taɓa jerin nan. Ubanki ne da gaskiya."

Ta fara, ta ɓata a bugu na biyar, inda kai ma kake ɓatawa da farko. Ban ɗaga sanda ba. Na ce ta sake.

Allah Ya jiƙan ka, Bahago, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka kurakuranka, ni ma Ya yafe mini tabon nan. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka da 'ya'yanka da abokan aikinka, Allah Ya ba su haƙurin rashinka. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.