Inna Mai Keke da Koren Ɗigo

Duk unguwar ba wanda ya san ta da wani suna sai Inna Mai Keke. Tun tana amarya take taka keken ɗinki a wani ɗan shago kusa da tashar mota. Da shi ta aurar da 'ya'ya, da shi ta yi jinyar mijinta har Allah ya karɓi abinsa. Mace ce da ba ta iya zaman banza ba. Ko hira take yi, sai ka ga yatsunta suna lalubar bakin zanen wadda ke kusa da ita, ko za a dace da inda ɗinki ya saki. Da ido ya fara yi mata gardama ta yi ta musu, har ranar da ta ɗinke wa wani malamin makaranta aljihun wando ruf, duka biyun. A makon ne 'ya'yanta suka taru suka rufe shagon, suka kai ta gidan autarta.

Gidan Auta ɗaki biyu ne da falo a hawa na uku. Mijinta ma'aikacin asibiti ne, ba a ganinsa sai yamma. Ita kuwa Auta daga gida take aiki, a kan wani ɗan tebur tsakanin firij da taga, jaririyarta na kwance a gefe. Wani kamfani ne mai sayar da kaya ta intanet ya ɗauke ta amsa koke-koken masu saye: wanda aka aiko masa da takalmi duka ƙafar hagu, da wadda tukunyarta ta iso ba murfi.

An karɓi Inna hannu bibbiyu. Aka ba ta kujera mai laushi da rimot, aka ce ta huta. Ta ɗauki tsintsiya, a karɓe. Ta leƙa kicin, a ce akwai wuƙa da wuta, ido kuma ba ya gani sosai. Hutu dai har ya fara fita mata ta hanci. Abin yana yi mata ciwo ƙwarai, don ji take an ajiye ta a falon kamar yadda aka ajiye firij ɗin, shi ma firij ya fi ta amfani.

Da ta rasa abin yi sai ta koma kallon aikin 'yarta, ta kuwa gano wani abu. Auta hannu ne da ita, gadonta ta yi. Kafin azahar ta share saƙonnin ranar tas, amma ba ta tashi. Haka za ta zauna tana hamma, hannu ɗaya a kan wani ɗan abu mai ƙusumbi, tana ɗan tura shi gaba da baya.

"Ke Auta, ba kin gama ba? Tashi mana ki miƙe ƙafa."

"Ni na gama, Inna. Ɗigon ne bai gama ba."

Ta nuna mata. A gefen hotonta a kwamfutar akwai wani ɗan ɗigo kore. Muddin ana motsa maus, wato ɗan abin nan mai ƙusumbi, ɗigon yana nan kore. In aka sake shi na ɗan lokaci sai ya koma rawaya, Oga kuma yana can ofis yana kallon ɗigon kowa, da shi yake auna awannin da mutum ya yi aiki.

"To shi Ogan naku aikinsa ke nan, kallon ɗigo?"

"Kusan haka ne."

"Ikon Allah. Da ƙatonsa?"

Gaskiyar Inna ce. Kamfani guda, da manyan mutane masu ɗaure wuya, sun rasa abin auna aiki sai ɗigon da bai kai ƙwayar wake ba.

Wata rana jaririyar ta tashi da zazzaɓi, dole a kai ta a duba. Auta ta dubi kwamfuta, ta dubi 'yarta, ta dubi uwarta.

"Inna, don Allah ɗan riƙe mini wannan. Ki riƙa motsa shi kaɗan-kaɗan, kada ki danna komai."

Inna ta gyara zama ta ɗora hannu a kan abin, ta raɗa masa suna ɗan kunkuru. Rubutun da ke kwamfutar hazo-hazo take ganinsa, amma koren nan tana ganinsa sarai. Wuyan hannun da ya shekara da shekaru yana tura yadi a ƙarƙashin allura ya tuna aikinsa nan take. Da Auta ta dawo, Inna ba ta ko ɗago kai ba.

"Ko ƙiftawa bai yi ba," in ji ta. "Yaya jikin yarinyar?"

Daga ranar Inna ta samu aiki. Da hantsi take wanka, ta ɗaura kallabinta mai kyau, ta zauna jiran Auta ta gama nata ta miƙa mata teburin. Auta ta samu ta yi wanki, ta ɗora girki, wani lokaci har ta ɗan runtsa. Inna kuwa ta daina ƙorafin gwiwa, cin abincinta ya ƙaru. In babbar 'yarta ta bugo waya sai ta ce, "Ina kan aiki, kira ni anjima," ta kashe.

Matsalar ita ce Inna ba ta san tashi ba. Tela ba ya rufe shago sai ya gama ɗinki, wannan ɗinkin kuma ba shi da ƙarshe. Lokacin cin abincin rana ɗigon kowa ya yi rawaya, na Auta kore shar. A tashi daga aiki Auta ta shige kicin, Inna na nan daram har surukinta ya dawo ya gaishe ta a kan teburin. Ran Asabar ma sai ta ce a kunna mata, kada hannu ya manta. Auta ta san abin ya yi yawa, amma ta daɗe ba ta ga uwarta cikin walwala haka ba, sai ta kasa hanawa. Abokan aikinta suka fara tsegumi, don Oga ya mayar da ita abin misali a kowane taro. Wata ma har ta bugo waya musamman.

"Ke wai don Allah ko banɗaki ba kya zuwa ne?"

Ana nan sai Oga ya kira Auta ta bidiyo. Inna ta sauko ta zauna a kan ɗan benci kusa da ƙafar Auta, inda kyamara ba ta kai ba, ta kasa kunne. Oga ya yi ta zuba yabo. Ya ce tunda aka kafa kamfanin ba a taɓa ganin awanni irin nata ba, don haka an ɗaga ta, ita za ta riƙa lura da awannin sauran. Inna ta ji kanta ya yi girma, don ta san hannun da ake yabo. Auta kuwa sai ta gyara murya.

"Yallaɓai, gaskiya akwai abin da ya kamata in faɗa maka..."

Inna ta kama tsokar ƙafarta ta murɗe. Wanda tela bai taɓa mintsina ba bai san mintsini ba.

"...na gode ƙwarai, yallaɓai."

Sai Oga ya ƙarasa maganarsa. An tanadar mata tebur a ofis, akwai wurin renon yara a ginin, ran Litinin za ta fara. Kwamfutar gida kuma sai ta taho da ita a ba wani. Yatsun Inna suka saki ƙafar a hankali.

"Har ɗan kunkurun za su karɓa?" ta tambaya bayan an kashe.

"Har shi, Inna. Amma in kina so sai in ce musu na fasa."

"Ki fasa? Ni in sha wahala ke ki fasa? Allah ya sanya alheri, tashi ki nemo kayan da za ki sa."

Inna ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Gidan ya koma shiru. Da safe kowa ya fita har jaririyar, a bar Inna da rimot. Gwiwar ta dawo da ciwonta. Auta ta sayo mata wani maus a kasuwa ta ajiye mata a kan teburin don ta riƙa motsa hannu, Inna ta ture shi gefe.

"Ni yarinya ce? Ina ɗigon?"

Wata yamma Auta ta dawo a gajiye, ta zube a kujera tana cire takalmi, ta fara ba da labarin ofis. Akwai wani ma'aikaci a sashenta, shi ma daga gida yake aiki, ɗigonsa ba ya taɓa yin rawaya. Ta rasa yadda za ta yi da shi, ga Oga yana jiran ta faɗa masa wanda ya fi kowa da wanda ke ha'inci. Inna ta rage ƙarar talabijin.

"Aikin nasa yana gamawa?"

"Tsaf, kafin azahar."

"Lokacin cin abinci fa?"

"Kore."

"Ran Asabar?"

"Kore, Inna."

Inna ta murza bakin zanenta.

"Wannan ba hannunsa ba ne. Yaran yanzu ba su da wannan haƙurin." Ta matso ta dafa gwiwar 'yarta. "Auta, kada ki kai ƙararsa. Kuma don girman Allah kada ki yabe shi a gaban Oga. Ko wace ce baiwar Allahn nan, ki bar mata aikinta."