Jakar Darasi a Shingen Damare

Ku sababbin malamai kuna yawan tambayata me ya sa ba na fita da kayan koyarwa sai na nuna wa shugaban makaranta. Dalilin wata Talata ce da ba ta taɓa barin raina ba, a shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Yola. Ina babban malamin kemistiri a wata sakandare a Jimeta lokacin, aka tsara mana zuwa sansanin Damare bi da bi, mu koyar da yaran da karatunsu ya yanke.

Ni kuwa ina da wata ɗabi'a da nake ji da ita. Yara kan ruɗe idan suka ga alamar ƙarfe Fe ce, ta darma Pb, alhali sunayensu na Turanci ba su da waɗannan haruffa. Sai in kawo abin a hannu, in ɗaura masa sunansa na Latin. Ƙusoshi su ne ferrum, wayar jan ƙarfe cuprum, guntun darma plumbum. Garin kanwa na ɗaure a leda na rubuta natrium, tokar murhu kalium. Na ƙara da kwalbar aidin, don sunansa daga Girkanci yake, ma'anarsa launin shunayya. Na zuba su duka a jaka na tare Keke, ina ta yaba wa kaina.

Dokar shingen sojoji a lokacin ita ce kowa ya sauka tun daga nesa, ya ajiye kayansa a ƙasa, ya matso hannu a sama. Wani saje ya zazzage jakata da bakin bindiga. Sai na ga ya ja da baya, sauran fasinjoji sun watse, mai Keken yana cewa, "Wallahi ban san shi ba, a unguwar Ajiya na ɗauko shi!" Ni kaɗai ne a wurin ban gane me ya faru ba. Har juyawa na yi in ga ko wani ne a bayana.

"Durƙusa! Wannan kaya na waye?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Darasi ne."

"Ƙusa, waya, farin gari. Darasi?"

A nan na gane kayan haɗa bam suke zargi na ɗauko. Kowa ya san wanda aka tafi da shi bariki a kan irin wannan zargi ba ya kwana gida, iyalinsa ma ba su san ina za su tambaya ba. Katin aikina kuma yana aljihun rigar da na cire da safe.

Maimakon in roƙi arziki, bakina ya kama abin da ya saba. Na hau bayanin natrium da kalium ina durƙushe a kan kwalta.

"Wane yare ne wannan?"

"Latin ne."

"Su waye ke yinsa?"

"Ai masu shi sun mutu tuntuni."

"To kai da wa kake yi?"

Wallahi shekara da shekaru ina koyar da abin nan, ban taɓa tambayar kaina haka ba.

Ya ce in lashi garin. Na lashi kanwa. Ya ce tokar ma. Na lasa, hawaye na zuba, ban san na tsoro ba ne ko na ɗaci. Ya ɗaga darmar yana jujjuya takardar da ke jikinta.

"Pb," ya ce. "Wannan abu ya kayar da ni jarabawa. Oga ticha, me ya kawo P?"

Na ce Rumawan da da darma suke yin bututun ruwa, suna kiranta plumbum, shi ya sa har yau ake ce wa mai gyaran famfo fulamba. Ya maimaita kalmar a hankali, kamar mai ɗanɗana miya. Sannan ya ce in tashi.

Har yau ban san me ya sake ni ba, kanwar da na lasa ce ko jarabawar da ya faɗi. Na sunkuya zan kwashe kayana, ya taka ledar ƙusoshin da takalminsa.

"Bar wannan. Me ka ce sunansa?"

"Ferrum."

"Irinsa likita ya ciro a jikin abokina, ranar da bam ya tashi a kasuwa. Yaran da za ka wurinsu ma sun san shi. Kada ka zazzage musu wannan a tebur."

Na bar kayan duka a shingen, na isa Damare hannu rabbana, na koyar da alli kawai. Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, mu malaman kimiyya mun iya bin suna har ƙasar Rum, amma sai mu manta da abin da mutanen gabanmu suka gani da idonsu. Kafin ka sa wani abu a jaka, ka tsaya ka tambayi kanka waɗanne yara ne za su gan shi, kuma ina suka fara ganinsa.