Farin bidon na maijego

Salamu alaikum. Wata biyar ba ku ji ni ba. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, magana nake yi, maƙwabciyata Hadiza tana rubutawa, kuma na ce mata kar ta gyara ko kalma ɗaya.

Masu cewa ciwon zamani gare ni, ku matso, da ku nake. Har wadda ta ja ɗanta daga ƙofarmu a unguwar Arras, na gan ki ta taga.

Kwana goma da haihuwar Ramatu, pampo ya ɗauke a unguwarmu. Baban Ramatu ya shiga kasuwar Adjamé neman bidon, jarkar ajiye ruwa. Namu duk na man gyaɗa ne, ruwan yana ƙarni. Ya dawo da wani fari mai kauri, murfinsa ja. Ya ce mai sayarwa ya rantse masa na labo ne, ɗakin gwaje-gwaje, daga iniversite ya fito, wajen masu farar riga.

Ya ce, "Wannan naki ne ke kaɗai, Maman Ramatu. Kayan masu ilimi ya fi tsabta."

Na wanke da omo sau uku, na shinshina, ba wari. Mu haka muke gane bidon, da hanci. Da ruwansa ake dama mini kunun kanwa, shi nake sha. Kowa a gidan yana shan na man gyaɗa, ni ina shan na gata.

Farko bakina ne ya koma kamar na tsotsi tsabar kuɗi. Sai dasashi ya kumbura, miyau yana zuba. Inna Hajo, tsohuwar da ke yi mini wankan jego, ta ce sanyi ne, a ƙara kunu. Aka ƙara.

Sai amai. Sai hannuna ya kama rawa, har ina tsoron ɗaukar yarinya. Fitsari ya ragu, ƙafafu suka hau.

Ranar da na faɗi a bakin tashar mota ta Gare de Bassam, Ramatu tana bayana. Wata mai sayar da aceke, dambun rogo, ita ce ta kwance ta.

A asibiti aka ɗebi jini, aka ce ba palu ba ne, wato zazzaɓin sauro. Aka sake ɗiba. Ordonans kan ordonans, takardun sayen magani, har Baban Ramatu ya sayar da babur ɗinsa. Ƙarin ruwa a hannu, ana auna fitsarina a roba kullum safe, ana rubutawa. Ba mai gaya mini komai, sai Faransanci a kaina.

Wata likita ce, mai furfura, ta zauna bakin gadona, Hadiza tana fassara. Ta ce, "Madam, me kike ci ko sha wanda ba kowa ke taɓawa ba a gidanku?"

Na ce ruwana.

Baban Ramatu ya kawo bidon. Ta juya shi, ta ga ragowar takarda da aka kankare a gefe. Ta ajiye a ƙasa, ta je ta wanke hannu. Ta ce dafi ne irin na ƙarfe, ba shi da wari, omo ba ya fitar da shi, kuma ya taɓa ƙodata.

Sannan ta ce, "Daga yau kar ki ba yarinya nono."

Ban ji tsoron mutuwa kamar yadda na ji tsoron wannan maganar ba. Wata biyu ina ba ta. Duk abin da na sha, ban san nawa ya bi ta cikinta ba. Aka tsaga mata ɗan hannu aka ɗebi jini, tana kallona tana kuka, nonona yana zuba a riga, ba halin in ba ta.

Mutanen labo sun zo. Biyu ne, da safar hannu da abin rufe hanci. Abin da na sha ruwansa wata biyu, su ko da hannu ba su taɓa shi ba. Ɗaya ya ce irin wannan bidon huda shi ake yi, kamfani ya kwashe, bai san yadda ya fita ba. Sai ya tambayi mijina, "Ba ku ga alama ba?"

Na ce Hadiza, gaya masa. Ku da kuka iya karanta alamar, ku kuka bar shi ya fito. Ni da ban san A ba, ni za ka tambaya? Bidon nawa ne suka fita? Suna gidan wa?

Sai mutumin ya ɗauki bidon. Ya sa shi a leda ya ɗaure.

Har yau ba wanda ya dawo ya ce sannu. Ban yafe musu ba. Mai sayarwar ma ban yafe ba, don hannu ne ya kankare takardar nan.

Mijina ya daina kallon idona. Na ce, "Baban Ramatu, gata ka yi mini. Zauna ka ci abinci."

Sati shida na yi a kwance ana ba ni maganin fitar da dafi. Ƙodar ta dawo aiki, alhamdu lillahi. Hannun yana ɗan rawa har yanzu in na gaji.

Na gode wa likita mai furfura, da Hadiza, da matar limamin unguwarmu da ta riƙe Ramatu tana ba ta madara a bibiro, kwalbar jarirai. Allah Ya biya ku.

Mata, kar ku sayi bidon da aka kankare takardarsa. In an ce na labo ne ko na asibiti, ku gudu. Rashin wari ba tsabta ba ne. In kun riga kun saya, kar ku zuba ruwan a kwata, ku rufe shi ku kai wa likita ya gani.

Jinin Ramatu an samu kaɗan a ciki. Sun ce a riƙa kai ta duk wata, sai ta fara tafiya da magana za a sani. Ba na iya barin kallonta. Jiya ta miƙa hannu ta kama cokali, na tsaya ina duba ko yatsun suna rawa.

Ba su yi ba. Ku sa ta a addu'a.