Tayoyin tsohuwar bas ɗinmu a Cheras

Shekarar da annoba ta kulle mu a gida a unguwar Cheras, a ƙasar waje, maigidana ya samu kiran aikin koyarwa daga jami'o'i biyu, ɗaya a Sweden, ɗaya a Finland. Ya kasa zaɓa. Da yake zaman ya ishe mu, sai muka raba aiki: ni na ɗauki Swidanci a waya, shi ya ɗauki Finlanci, wanda ya fara iya cefane da harshensa can za mu.

Cikin wata guda ina iya neman madara da burodi, don kalmomin suna kama da Turanci. Shi kuwa kalma ɗaya sai ta cika masa allon waya. Yakan karanta rabinta, ya kurɓi shayi, sannan ya ƙarasa.

A lokacin ina dafa tuwo da masa ga ɗalibai 'yan ƙasarmu da ke unguwar Titiwangsa, muna kai musu a wata tsohuwar ƙaramar bas da muka saya hannun wani malami. Wata rana aka tafka ruwa, maigidana ya taka birki, motar ta ɗan ja santsi kafin ta tsaya. Da aka sassauta dokar fita, muka nufi shagon taya.

Mai shagon, wani dattijo ɗan Sin, ya durƙusa ya shafa tayoyin. Duk sun suɗe. Ya nuna mana lambar shekarar ƙira da ke gefe, ya ce sun girmi ɗiyarmu ta fari. Ya jero kala uku, ya tambaya, "Shekara nawa za ku ƙara da motar?"

Maigidana ya dube ni. Na ce, "Malam, ai kai ake jira."

Ya gyara takunkumi, ya ce, "Maman yara, gaskiya Finlancin nan ya fi ƙarfina. Sweden za mu, baɗi in Allah ya so."

Dattijon bai ji Hausa ba, amma ya ga ina dariya. Da muka yi masa bayani ya ce, "Boleh," wato ba damuwa, ya zaɓo mana matsakaita masu zurfin zane, masu riƙe titi in ana ruwa.

Tafiyar ba ta yiwu ba sai bayan shekara biyu. Kafin nan na zama malamarsa, kullum bayan la'asar, kuma ba na ɗaga masa ƙafa in bai yi aikin gida ba.