Rumfar Jan Katako Da Ta Hana Babana Zuwa Garka

Salamu alaikum mai kula da wannan fili. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku, yau ni ma na ce bari in faɗi nawa ko zuciyata ta yi sauƙi. Ni manomin garka ne, haifaffen Yamai, iyayena mutanen Maradi ne da suka zauna unguwar Boukoki tun ba a haife ni ba. Lokacin da abin nan ya faru ina da mata da ƴaƴa, don haka ba ni da bakin cewa ƙuruciya ce ta ja ni. Ni ne babba a gidanmu, kuma ni ne wanda bai taɓa zuwa ko'ina ba. Tun da na bar lakwal, wato makarantar boko, nake bayan babana a garkarmu ta bakin gulbi, muna noman salati da shu, wato kabeji, da albasa. Ba ni da yawan magana, ba na gudun aiki, amma ina da riƙo. In abu ya ɓata mini rai ba na faɗi, sai in haɗiye shi in yi ta juyawa a ciki har ya zama wani abu dabam.

Ƙanena kuwa tun yana saurayi ya tafi kurmi, can ƙasashen kudu, ya yi shekara da shekaru yana aiki inda ake tsaga katako. Da ya gaji da yawo ya dawo gida, ba abin da ya zo da shi sai jakar tufafi da wani zarton inji. Baba ya riga ya tsufa, sai ya tara mu ya raba mana garkar biyu, ya ce kowa abin da ke ɓangarensa nasa ne, ya yi yadda ya ga dama. Ƙanena ya sami sama, inda Baba ya jera itatuwan turare don tare iska. Ni na sami ƙasa wajen ruwa, kuma a nawa ɓangaren ne wani babban madaci yake, wanda Baba ya tarar a wurin tun ranar da ya fara noman filin. A gindinsa yake wuni. Kowace safiya ni nake ɗauko shi a moto, in shimfiɗa masa tabarma, ya kunna rediyonsa, maƙwabtanmu Zabarmawa su zo a yi ta shan shayi ana gardama. Ina ban ruwa ina jiyo tarinsa. Bai taɓa ce mini na yi ƙoƙari ba, don shi ba mai yabo ba ne, ni ma ban taɓa jin ina bukata ba.

Abin ya soma ne da ƙanena ya ce injin ban ruwa da ƙaramin injin huɗar da muke tarayya a kansu suna lalacewa a rana, gara a yi musu rumfa ta kirki. Na ce masa kuɗin katako a kasuwar Katako ba abin wasa ba ne. Ya yi dariya ya ce ai ga katako nan tsaye a garka. Ya zaɓi wasu daga cikin itatuwan turaren nan ya kayar, ya ɗaura wa zartonsa wani ƙarfe mai daidaita yanka, ya shiga tsaga su fale-fale. Ya jera su a inuwa, yana sa ƴan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa su bushe. Kafin damina ta faɗi ya kafa ginshiƙai, ya shafe gindinsu da baƙin mai saboda gara, ya rufa tol, wato kwanon rufi, a sama. Gaskiya rumfa ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, har da ƙofa da wurin rataye tiyo. Ni ma na kama masa ɗaga ginshiƙan.

Baba kam kamar ya zuba ruwa ƙasa ya sha. Mutumin da ban taɓa jin ya yabi kowa ba, sai ga shi yana shafa katako yana cewa a zo a ga abin da yaron nan ya yi da hannunsa. Ya gayyato abokansa na masallaci su gani. Wani ɗan'uwanmu ya zo daga unguwar Talladjé gaisuwa, bai ko sha ruwa ba Baba ya sa aka kai shi garka. A gida ma hirar ke nan, har matata, wadda ba ruwanta, ta ce mini wai ashe ƙanen nan nawa mai basira ne. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Na ce a raina, wato ni da na ƙare ƙuruciyata cikin laka, ƙafafuna duk faso, ba wanda ya taɓa kiran wani ya zo ya ga albasata, amma wanda ya gudu ya bar tsoho shi ne ɗan kirki saboda ƴan katakai. Kishi ne, wallahi kishi ne tsagwaronsa, amma a lokacin sunan da na ba shi rashin adalci.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne da ruwa ya sauka, Baba ya ce in kai masa tabarmarsa rumfar ƙanena. Bai faɗi dalili ba, ni kuma girman kai bai bar ni na tambaya ba. Na naɗe tabarmar na kai da hannuna. Daga ranar rediyo ya koma can, shayi ya koma can, maƙwabta suka bi. Ni nake ɗauko shi daga gida, amma in mun iso sai in sauke shi a ƙofar wani. Ina sunkuye cikin salati ina jiyo dariyarsu daga sama, in ɗaga kai in ga gindin madaci ba kowa. Na daina hawa shan shayi. In ƙanena ya kira ni sai in ce aiki ya yi mini yawa, in ya ce Yaya lafiya dai, in ce lafiya lau, alhali ko fuskarsa ba na son gani. Daminar nan duk a haka na yi ta, ina ramewa, matata na tsammanin zazzaɓi ne.

Kowace kaka Baba da Inna kan tafi ƙauyenmu wajen Maradi su ga amfanin gonar gado, ba sa dawowa sai sanyi ya shiga. Ranar da na raka su tasha na dawo garka, na tsaya na dubi madacin nan, sai wani tunani ya zo mini. Katakon turare fari ne, ba shi da wani kwarjini, amma na madaci ja ne, mai nauyi, irin wanda ake yi wa manya ƙofa da gado. Na ce in rumfa ce ke jan Baba, to zan yi wadda ta fi, in saya wa kaina injin ban ruwa in sa a ciki, in ware masa wurin zama da benci. Na je na gaya wa ƙanena ya ara mini zarto. Ya ce don Allah Yaya in bari Baba ya dawo a shawarce shi, kuma in rumfa nake so ga sauran turarensa nan in ɗiba kyauta. Kunnena bai ji nasiha ba, abin da na ji shi ne yana tsoron in fi shi. Na ce masa itacen a ɓangarena yake, Baba da bakinsa ya ce kowa ya yi yadda ya so. Ya ce haka ne, amma shi dai zartonsa ba zai taɓa madacin nan ba.

Na nemi izni wajen ma'aikatan gandun daji, na sha zirga-zirga kafin in samu, na ɗauko wani mai zarto daga kasuwa. Ranar da za a kayar, wani dattijo maƙwabcinmu ya zo ya tsaya, ya ce shi dai tun yana da ƙarfinsa yake ɗibar ɓawon itacen nan in ciki ya dame shi, kuma ba shi kaɗai ba. Na ce masa ya zo ya kwashi ɓawo iyakar son ransa. Ya dube ni ya juya, bai ɗauki ko ɗaya ba. Da itacen ya faɗi ƙasa ta girgiza, rana ta buɗe a wurin da ban taɓa ganin rana ba, gabana ya faɗi, amma na dake. Da aka fara tsagawa katako ya fito ja wur, sai na manta da komi. Ban ma jira ya gama bushewa ba don ina sauri kada su Baba su dawo ban gama ba. Na yi aiki kamar mahaukaci, hannuwana duk suka yi kanta. Rumfata ta fi ta ƙanena tsawo da faɗi, na goge bencin har yana sheƙi. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya kalla, ni kuwa ina ta lissafin abin da Baba zai ce.

Da suka dawo, ƙanena bai gaya wa Baba komi ba, ni ma haka. Washegari na ɗauko shi a moto kamar kullum, yana riƙe da tabarmarsa da rediyo. Tun daga bakin hanya na ji hannunsa ya matse kafaɗata. Muka sauka, ya taka a hankali har wajen kututturen, ya tsaya ya daɗe. Sannan ya je ya zagaya rumfar, ya shafa ginshiƙi, ya ƙwanƙwasa benci, ya dube ni ya ce, "Aiki ya yi kyau. Ka fi ƙanenka iyawa." Maganar da na yi wata da watanni ina mafarkin ji ke nan, amma da ta fito sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi, don muryarsa ba ta mai murna ba ce. Na ce ya zauna ya gwada bencin, nasa ne. Ya ce a'a, jikinsa bai saki daga tafiya ba, in mai da shi gida. Ko tabarmar bai warware ba.

A gida ne Inna ta ja ni ɗaki tana hawaye. Ta ce ashe ban sani ba, ita ce ta hana shi zama gindin madacin da damina, tun ranar da hadari ya rutsa shi ya jiƙe ya kwana yana tari. Ita ta sa shi ya yi mata alkawarin zama ƙarƙashin tol har ruwa ya ɗauke. Ta ce duk zamansu a ƙauye ba abin da yake faɗi sai ya ƙosa ya koma inuwarsa, wai zafin tol na sa masa ciwon kai, kuma daga can sama ba ya ganina da kyau in ina aiki. Na fita na same shi a zaure na durƙusa na ba shi haƙuri. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Cewa kawai ya yi, "Itacenka ne. Amma da ka tambaye ni."

Baba bai sake taka garkar nan ba, ba ɓangarena ba, ba na ƙanena ba. Na roƙa, ƙanena ya roƙa, maƙwabta suka zo har gida, kullum sai ya ce gobe in Allah ya kai mu. Mutumin da ya saba wuni cikin iska da mutane ya koma zaman zaure, jikinsa ya yi ta sanyi, har Allah ya karɓi abinsa. Ban ce ni na kashe shi ba, kwana ne ya ƙare, amma na san ni na rage masa daɗin kwanakinsa na ƙarshe. Ƙanena bai taɓa goranta mini ba ko sau ɗaya, kuma kunyar wannan ta fi zagi ciwo. Kishin ma ba zan ce ya mutu ɗungurungum ba, har yau in na ji ana yabonsa wani abu kan ɗan motsa, sai dai yanzu na san shi, ina jin sa nake neman tsari.

Abin da na koya shi ne, mai kishi ba ya tambaya, shi yake ba kansa amsa, kuma kullum mafi muni yake zaɓa. Ƴan'uwana masu karatu, in kun ga an yabi ɗan'uwanku, ba a zage ku ba ne. In mahaifinku ya yi abin da ya sosa muku rai, ku buɗe baki ku tambaye shi tun yana kusa, kada ku yi irin tawa. Kuma ba duk abin da aka ce naka ne kake da ikon taɓawa ba, ko da takarda a hannunka. Ni na so Baba ya dawo ya zauna kusa da ni, da hannuna kuma na sare wurin zamansa. Ku sa shi a addu'a, ni ma ku roƙa mini gafara.