Baba Akinwale, Mai Haɗa Fasasshen Tangaran a Wunti

"Idonka ya tafi, Baba! Jiya fa gishiri ka zuba a shayi."

"Na sha, na mutu ne? Matsa min daga haske, Abosede."

Tun safe 'yarsa take ja da shi a shagonsa na Wunti. Ta zo ne ta tafi da shi kudu ya huta, shi kuwa ko ɗagowa bai yi ba, yana laluben bakin wani fasasshen faranti da ɗan yatsa.

Ga wanda bai sani ba, tun yana saurayi yake zana fure a jikin tangaran, a wani kamfani can kudu. Shuɗin furen nan da muka yi jere da shi, amarya ta hana kowa taɓawa har angon, to, hannunsa ne. Da roba da silba suka cika kasuwa sai kamfanin ya rufe. Ya kwaso ragowar farantai ya zo Bauchi talla, hanyar gida ta ɓace masa har yau.

Kullum da hantsi zai dama gam, ya baje gutsattsarin tangaran a tabarma. Ku tambayi Ni'ima ta Yelwa. Ana saura kwana kaɗan bikin 'yarta, farantin marigayiya mahaifiyarta ya suɓuce mata ya fashe. Ta ƙullo shi a gyale tana kuka. Baba ya haɗa, ya zana sabon reshe a kan tsagar. Da ta karɓa, sai kukan ya ƙaru.

Kai ne, Baba, ka san ba faranti muke kawo maka ba, iyayenmu ne. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma 'yan zamani masu saurin jefarwa, ku je ku zauna gabansa ku koya.

To, wata tsohuwa mai dogon baki, ba zan kama suna ba, ta bi gidaje ta ce za a ɗauke mana Baba. Kafin la'asar ga mata a ƙofar shago, kowace da ƙunshinta.

Abosede ta dube su, ta riƙe haɓa. "Baba, wannan ai aikin shekara ne!"

"To, ki dawo baɗi."

Ta ja dogon tsaki, idonta ya ciko. "Zauna nan, kada ka motsa. Bari in je in samo maka tabarau."

Ta fice, ta banko ƙofa.